Tasalla da Albasar Birnin Buruji

Da sunan Wanda ya jera watanni goma sha biyu kamar 'ya'yan carbi, ya ba rana hanyarta, ya ba wata tasa, ba mai tuntuɓe da ɗan'uwansa. Bayan haka, ya ku jama'a, manya da ƙanana, a gyara zama.

Ni ne Malam Mijinyawa ɗan Arzika, wanda ya riƙe alli har gemunsa ya ɗauki launinsa, wanda ɗalibansa suka zama alƙalai da likitoci, kuma har yau in sun hango ni sai sun tuɓe takalmi. Ba ɗabi'ata ba ce in yi magana a kan abin da ban gani ba. Wannan labari da ƙafata na taka shi, da idona na gan shi, da cikina kuma na ɗanɗana shi, kamar yadda bayani zai zo.

Bayan na ajiye aikin koyarwa, wani falke mai fataucin duwatsun ado ya sauka a zaurena. Shi ya ba ni labarin Birnin Buruji, can bayan teku, inda kowane wata na shekara yake da unguwarsa, da dutsensa, da furensa. Ni kuwa haihuwar Disamba ne, wata na ƙarshe a lissafin rana, domin mahaifina malamin asibiti ne, bai bar irin wannan abu ya shige duhu ba. Sai na ga abin kunya ne mutum mai matsayina ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa ganin dutsen watansa ba, bai shaƙi furensa ba.

Na shiga gida na sanar da Tasalla. Ita Tasalla matata ce, kuma 'yar kawuna ce, wato taubashiyata tun kafin ta zama matata, ɗaurin aure kuwa bai kashe wasan da ke tsakaninmu ba. Na same ta tana tankaɗen kuka. Ta saurare ni har na kai aya, sa'an nan ta ce, "Malam, da wace ƙafar?"

Na ce, "Da ƙafar himma."

Ta ce, "Himma ba ta san inda ka ajiye tabarau ɗinka ba. Ni na sani. In dai tafiyar ta zama dole, tare za mu."

Na nuna mata haɗarin hanya, na kawo mata misalai daga tarihin matafiya. Kafin in gama ta ɗaure tukunya, da kaskon wuta, da daddawa, da kuka, da barkono, da kanwa. Muka kama hanya yadda muka gada: ni a gaba da sanda, ita a baya da kaya, tana yi mini gyaran hanya daga can.

Ba zan gajiyar da ku da lissafin garuruwa ba. Abin da ya fara tare mu shi ne wata gada ta ƙashin kifi a kan kogi mai ruwa baƙi ƙirin, a tsakiyarta wani Dodo yana zaune, kunnuwansa kamar faifai. Dokarsa ita ce ya yi wa matafiyi tambaya ɗaya. In ka gama amsawa, ko ka yi daidai ko ka kuskure, ya haɗiye ka. Na lura da lafazin dokar da kyau, domin ni mutum ne mai lura da lafazi: sai an gama amsawa.

Dodo ya ce, "Me ya sa ruwa yake gangarawa?"

Na gyara rawani, na yi gyaran murya, na ce wannan tambaya tana da rassa, kuma ba a hawa reshe sai an bi ta gindi. Na fara da ma'anar ruwa a wajen malaman lugga. Na bi da rabe-rabensa, na sama da na ƙasa, mai tsarki da mai tsarkakewa. Ina cikin reshe na biyu na gabatarwa Dodo ya yi hamma. Ban kai ga gangara ba sai da kunnuwansa suka faɗo suka rufe masa fuska, ya shiga minshari. Muka raɓa ta gefensa muka wuce, ina ci gaba da bayani a hankali don kada doka ta kama ni.

Da muka sauka Tasalla ta ce, "Allah Sarki, bawan Allah. Ni kaɗai na san abin da ya ji."

Daga nan muka iso wani tafki garai-garai, kewaye da mutane a durƙushe, kowa ya sunkuya yana kallon ruwa, ciyawa ta tsiro ta naɗe musu ƙafafu. Na leƙa domin bincike. Sai ga ni a ciki ina saurayi, gemu baƙi, haƙora cif, ranar da na fara shiga aji. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai kwarjini irin wannan ba. Na ce bari in ƙara dubawa kaɗan. Gwiwoyina suka kai ƙasa, ƙafafuna suka fara mantawa da aikinsu.

Sai na ji kwatsam! Tasalla ce ta tsoma tukunyarta mai baƙin hayaƙi tana cuɗa ta da toka. Ruwan ya gurɓace, saurayin ya watse, na ga wani tsoho yana kallona a cikin kumfa. Mutanen da ke kusa da mu suka miƙe suna layi, suna tambayar wace shekara ake ciki.

Na ce, "Ke ba ki leƙa ba?"

Ta ce, "Na leƙa. Na ga yarinyar. Ba ta iya tuwo ba, me zan yi da ita?"

Muka shiga jirgin ruwa, wanda ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, muka ƙetare teku. Sanyi ya fara kama ƙashi sa'ad da muka hango Birnin Buruji. Ƙofofinsa goma sha biyu ne, kowace da launin dutsenta, kuma ba a buɗe ƙofa sai cikin watanta. Muka tarar da ta ƙarshe a buɗe, shuɗiya kamar sararin sama bayan ruwa ya ɗauke. A bakinta Sarkin Ƙofa yake tsaye, dogo siriri kamar tsani. Harshensu wani tsohon Larabci ne da na iya kamawa, Tasalla kuwa ko kalma ɗaya ba ta ji.

Ya ce, "Wane wata?"

Na ce, "Disamba."

Ya rusuna ya ba ni hanya. Ni kuwa da yake a gaba nake, kamar kullum, na ɗaga ƙafa na tsallake dokin ƙofa. Sa'an nan ya sa sandarsa ya tare Tasalla, ya yi mata tambayar, na fassara mata daga ciki.

Ta ce, "Gaya masa ranar Babbar Salla aka haife ni, ana tsakar fiɗar rago. Ga sunana nan shaida."

Na bayyana masa cewa wannan Zulhajji ke nan. Ya girgiza kai ya ce, "Watan sama kuke nufi? Ai wannan makiyayi ne. Bana yana cikin damina, in an jima ka same shi a rani. Mu da rana muke lissafi. Wace shekara ce?"

Ta ce, "Shekarar da rijiyar gidan kakanmu ta rufta."

Ya ce wannan rijiya ba ta cikin iliminsu, kuma ƙofar ba ta karɓar kintace, duk wanda ya faɗi watan da bai tabbatar ba sai ta rufe a kansa. Na ce to, a bar ni in fito mu koma gida. Ya ce wanda ya shiga ba ya fita sai watansa ya zagayo baɗi. Marar wata kuwa a Zangon Jira yake zama, a bayan shinge. In rana ta faɗi a ranar ƙarshe ta shekara, Jirgin Tsohuwar Shekara yakan zo ya kwashe duk abin da shekara ta bari ba mai shi, fasassun tukwane, da alkawuran da ba a cika ba, da mutanen da ba su da wata. Ya yi yamma da su, kuma ba a taɓa ganin wanda ya dawo ba.

Jama'a, na sha tsayawa gaban sufeto ban girgiza ba. Ran nan sai da na jingina da sandata.

Sarkin Ƙofa ya ce akwai hanya ɗaya. Za a ba ta kwan furen wannan wata, wato dunƙulallen tushensa, ta shuka. In ya yi fure a hannunta kafin jirgi ya tashi, to ita 'yar Disamba ce, ta shigo. In bai yi ba, sai haƙuri. Ya ce zai sa a kai mata kwan a cikin kwandon abincinta, ni in yi mata bayani. Aka wuce da ita tana waiwaye tana cewa, "Malam, tabarau ɗinka suna aljihun hagu!"

Ni aka kai ni gaban Magajiya, mai mulkin unguwar, tsohuwa mai fararen gira da murya kamar ta mai lallashin jariri. Ta rataya mini dutse a wuya da igiyar fata. Girmansa kamar goro, launinsa na ƙofar nan, da wata baƙar jijiya siririya da ta ratsa tsakiyarsa. Ta ce, "Sunansa fairuza. Ba a sayensa, ba a roƙonsa. Wanda aka saya, kafin a kai shi gida ya koma tsakuwa. Sai dai a ba ka. Shi amana ne da kariya. In kana lafiya yana shuɗi, in haɗari ya matso ka sai ya koɗe, ya riga ka sani."

Ta kuma nuna mini furen a cikin lambunta, narjisi. Fari ne fat, tsakiyarsa ruwan ɗorawa, kansa a sunkuye kamar amarya gaban surukai. Ta ce lokacin da sanyi ya kashe kowane tsiro shi yake fitowa, don haka suke kiransa furen sa rai. Amma na lura lambun da faɗi, furannin kaɗan. Ta yi ajiyar zuciya ta ce kowane kwai fure ɗaya yake bayarwa, wasu kuma suna ruɓewa, kowace shekara raguwa suke.

Da burina ne kawai ya kawo ni, da ran nan ya cika. Amma sai na ji dutsen yana mini nauyi a wuya.

Tsakanin unguwar da Zangon Jira akwai shinge na wani itace da ba ya kaɗe ganye, ganyen da ƙaya a gefe, 'ya'yansa ja kamar idon zakara. Sun ce shi ke tsare zaman lafiyar gida, kuma tsallake shi babban laifi ne. A jikinsa na sami wata 'yar kafa da kwano zai iya wucewa. Nan muka riƙa haɗuwa da Tasalla, ni ta ciki, ita ta waje.

Ta dube ni ta kafar ta ce, "Malam, ka rame. Me suke ba ka?"

Na gaya mata gaskiya: farin hatsi dafaffe da zuma, safe da yamma. Ba gishiri, ba yaji. Mutanen birnin ba sa cin duk abin da ya girma a ƙarƙashin ƙasa, wai barci yake yi, ba a tashinsa. Ba su san albasa ba, ba su san rogo ba.

Ta ce, "Shi ya sa duk suka yi kama da tsinken tsire."

Na ce ta natsu, akwai muhimmin bayani game da abin da zai cece ta. Kuma da yake ban saba gina ɗaki daga jinka ba, na fara daga tushe. Na kawo mata bambancin shekarar rana da ta wata, da dalilin da ya sa Salla take zagaya damina da rani. Ina shirin shiga tarihin furanni ta ce, "Malam, wutata za ta mutu. Ajiye sauran, gobe ma rana ce." Ta tafi.

Kashegari da hantsi na ji wani ƙamshi ya keto shinge, ƙamshin da ya tuna mini da tsakar gidanmu har idona ya kawo ruwa. Sai ga kwano ta kafa: tuwon farin hatsin nan, ta tuƙa shi ya yi santsi, da miyar kuka ta sha daddawa da barkono.

Ta ce, "Ci, kada iska ta ɗauke mini kai."

Na yi bisimilla na kai loma. Na kai ta biyu, na kai ta uku. Akwai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, amma tun da aka kawo ta gidana ban taɓa kushe girkinta ba, ba kuwa a baƙon gari zan fara ba. Na sunkuya zan ƙara, sai dutsen ya yi lilo a gabana. Ya koɗe fat, kamar tsumman da ya sha wanki.

Na ce, "Tasalla, me kika sa a miyar nan?"

Ta ce, "Abin da aka saba. Har albasa na samu. Guda ɗaya tal suka sako mini a kwando, don rowa. Ba ta da yaji, amma da babu gara ba daɗi."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ban san wanne ya fi murɗa mini ciki ba, dafin kwan narjisi ko sanin cewa hanyar tsirarta ce na haɗiye da bakina. Ƙasa ta juya, na faɗi. Abin da na iya ji shi ne muryarta tana kiran "Malam! Malam!" sa'an nan ta kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun muna yara muna wasan ƙasa. Sai ƙarar karyewar rassa. Matar nan, da tsufanta, ta kutsa cikin shingen ƙaya da kaskonta a hannu, ta fito ta ciki zanenta a yage, hannuwanta duk jini. Ta ɗura mini ruwan kanwa har na mayar da abin da na ci. Dogarawan Magajiya suka zo kama ta, ta ɗaga musu muciya, ta yi musu magana da Hausa wadda ba ta bukatar tafinta. Suka ja da baya suka tsaya gadi a ƙofar masaukina.

Haka ta yi jinyata, ina tashi ina faɗuwa, har ranar ƙarshe ta shekara ta zo. Da la'asar aka ɗauke mu zuwa fadar Magajiya, wadda take kallon teku. Jama'ar unguwa sun cika fili. Can a bakin ruwa ga jirgin nan, baƙi, ana ta loda masa fasassun tukwane. Ina rawar sanyi, don haka Tasalla ta zauna kusa da ni ta tura mini kaskon wuta gindin ƙafafu.

Sarkin Ƙofa ya karanto laifi biyu a kan Tasalla: ta keta shinge, ta kuma yanka furen wata ta dafa. Da aka ambaci dafawa sai fili ya ɗauki salati irin nasu, wata mata ta suma. Ya ce ya je bukkarta ya kwaso ragowar abin da ta kashe, daga gindin randa, don ya zama shaida. Ya ajiye wani ɓarin tukunya rufe da ƙyalle, ya yaye.

A cikin damshin ƙasar ga tsirrai kore shar, sun fi yatsun hannu yawa, sun yi cirko-cirko. Ɗaya ya fi sauran tsawo, da toho a kansa, a rufe.

Magajiya ta miƙe tsaye ta ce, "Kwai nawa aka ba ta?"

Ya ce, "Ɗaya, ranki ya daɗe."

Ta ce a tambayi Tasalla yadda ta yi. Tasalla ta ce, "Yadda kowa yake yi mana. Wace 'yar banza ce take zubar da gindin albasa? Tsattsaga shi na yi na tura gindin randa, inda ruwa ke ɗiga. Haka uwata take yi." Na fassara, bayan na cire 'yar banzar.

Magajiya ta daɗe tana kallon tsirran. Ta ce laifin shinge ta yafe, domin shinge don tsare gida aka yi shi, wannan kuwa gidanta ta je tsarewa. Amma doka fure ta ce, ba toho ba, kuma ita kanta ba ta da ikon sake ta. Za a jira har rana ta faɗi.

Aka miƙa wa Tasalla ɓarin tukunyar. Ta ɗora a cinya, ta taɓa tohon da ɗan yatsa ta ce, "Wayyo, ɗan jariri, a wannan sanyi suka fito da kai tsirara." Ta ja gefen mayafinta ta lulluɓe shi, ta ƙara matsowa jikin kasko. Daga nan ta manta da shi, ta shiga yi mini wasiyya: kada in sha ruwan sanyi da safe, babbar rigata ta biyu tana bukatar ɗinki a hammata, in na koma gida in ba ƙanwarta akuyar nan mai jan kunne.

Rana ta yi ja, ta sauko har ta kusa taɓa ruwa. Jirgi ya busa ƙaho. Matuƙa biyu suka hau matakala suna nufo mu.

Na dafa sanda na miƙe. Na cire dutsen daga wuyana na ce, "Ranki ya daɗe, na yi tafiya mai nisa don wannan dutse, na kuwa same shi yadda aka siffanta. Ga abinki. A rubuta ni cikin marasa wata."

Magajiya ta ce, "Fairuza ba ya komawa hannun da ya bayar. Sai dai ya yi gaba. In kuwa ka ba wani, ka fita daga watanka, shi kuma dutse kaɗai ba zai shigar da ita ba."

Na ce, "Haka nake so." Na juya na rataya wa Tasalla shi. Wannan ita ce magana mafi gajarta da na taɓa yi a bainar jama'a.

Ta dubi dutsen, ta dubi matuƙan, ta gane ba tare da fassara ba. Ta ce, "Kai da ko kwalekwale ka gani sai ka yi amai? Wa ya aike ka?" Ta kai hannu ta ja mayafi za ta share ido.

Ƙamshi ne ya fara isowa, wani irin ƙamshi mai sanyi da ya danne hayaƙin kasko. Da mayafin ya zame, ga shi nan a cinyarta: fari fat, tsakiya ruwan ɗorawa, kai a sunkuye. Ɗumin garwashi ya buɗe shi. Dutsen da ke wuyanta kuma ya koma shuɗi, har yana ɗaukar ido.

Fili ya kaure da guɗa. Magajiya ta ɗaga hannu ta ce, "'Yar Disamba ce! A buɗe mata!" Ni kuwa na zauna ina hamdala, sai na ji an kama ni ta hammata biyu. Matuƙan ne.

Sarkin Ƙofa ya ce, cikin ladabi, "Ita tana da fure, tana da dutse. Shi ba shi da ko ɗaya. Rana kuwa saura rabinta."

Tasalla ta ce, "Me kuma suke cewa?" Na gaya mata a taƙaice, ana jana. Ta tuɓe dutsen za ta miƙo mini, Magajiya ta ce ba ya komawa hannun da ya bayar. Tasalla ta juya shi a tafin hannunta, ta ga baƙar jijiyar nan da ta ratsa shi.

Ta ce, "Gaya mata ni ba mayarwa zan yi ba. A garinmu in an ba ka goro, ba ka cinye shi kai kaɗai mai bayarwa yana kallo."

Ta sa farcen babban yatsa a kan jijiyar, yadda ta saba yi kowace safiya bayan karin kumallo, ta danna. Ƙas! Dutsen ya rabu biyu, kowane ɓari shuɗi har ciki. Ta dube su, ta auna, ta riƙe babban, ta miƙo mini ƙaramin.

Kowa ya juya ga Magajiya. Ta dubi ɓarin da ke hannuna, ko zai koɗe. Bai koɗe ba. Ta ce, "Abin da ya ba ta guda ne. Wannan da ta ba shi, ba a taɓa ba kowa shi ba. Ku sake shi."

Suka sake ni. Rana ta nutse, jirgi ya tashi da tukwanensa da alkawuransa, ba mu a ciki.

Kafin a watse Magajiya ta tsinko furen da hannunta ta ba ni, ta ce al'adarsu ce furen farko miji ya miƙa wa matarsa. Ta ce, "Ka san abin da ake nufi in an miƙa wa mutum narjisi? Cewa ake: zauna yadda kake, kada ka sake hali."

Na karɓa da hannu biyu, na fuskanci Tasalla, ga ƙaya a gashinta, ga toka a goshinta. Na miƙa mata, na fassara mata ma'anar kalma da kalma, ban ƙara ko wasali ba.

Ta shinshina shi, ta dube ni ta gefen ido ta ce, "Har da albasar?"

Na yi nazari, domin tambaya ce mai rassa. Sa'an nan na ce, "Har da albasar."

Muka zauna a birnin shekara guda, tana koya wa matan unguwa tsaga kwai, har lambun Magajiya ya rasa wurin taka ƙafa. Da ƙofa ta buɗe muka fito, kafaɗa da kafaɗa, don kada wata ƙofar ta sake shiga tsakani. Nan alƙalamina ya tsaya. Abin da na faɗa daidai, daga Allah ne. Wanda kuma yake shakka, ƙofar gidana a buɗe take, ya zo ya ga ɓarin dutse, ya ci tuwo. Miyar ba abin tsoro, ni nake sayo cefane.